Ƙafar Yaya Indo da Bakina

Duk wanda ya zo duba Yaya Indo sai ya ja ni gefe ya ce, "Garin yaya haka ta faru, Sada?" Ni kuma in ce suga ne, a ce Allah ya ƙara sauƙi, a tafi. Ba ƙarya nake yi ba, amma ko rabin gaskiyar ba na faɗa. Yau wata huɗu da aka sallamo mu daga asibiti, na ga gara in zauna in rubuta sauran, ko wani mai baki irin nawa zai karanta ya shiga taitayinsa.

Sunana Sada, amma a Katsina in ba ka ce Reza ba, ba kowa zai gane ni ba. Sojan baka ne ni, wato irin mutanen nan da 'yan siyasa ke saya wa fili a rediyo su yabi nasu su yagi na wasu. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Da hantsi mukan hallara a gidan Alhajin da ke ɗaukar nauyinmu, a gaya mana wanda za a sa gaba yau, da la'asar a ɗauki murya, bayan magariba gari ya ji, da safe a maimaita. Abokin karawata shi ne Iro Guduma, na ɓangaren gwamnati. A rediyo kamar mu cinye juna ɗanye. Da an kashe na'ura kuwa, babur ɗina muke hawa tare in sauke shi a Ƙofar Kwaya, wani lokaci har matarsa ta aiko mana da fura. Mu a wurinmu aiki ne kawai, mahauci ai ba gaba yake da akuya ba.

Bara aka zo da maganar faɗaɗa inshorar lafiya. A da ma'aikata kawai ta shafa, sai aka ce yanzu ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu da mace mai sana'ar gida, kowa na iya biyan wani abu a shekara a ba shi kati, in ciwo ya zo a duba shi. Gari ya dare biyu. Su Iro suna cewa lafiya kyauta ta sauka, daga ciwon kai har tiyata. Mu kuma Alhaji ya ce a kashe maganar tun tana ƙarama, don in ta yi farin jini zaɓe ya tafi ke nan. A teburin mai shayi, a cikin Keke Napep, har wurin zaman makoki, ba ka jin komai sai kati. Wannan ya ce dabara ce ta tara hoton yatsun mutane don maguɗi, wancan ya ce caca ce da aka sa wa riga. In wani ya kuskura ya ce ƙanwar matarsa ta haihu da katin ba ta sha wahala ba, sai a yi masa ca, a ce ɗan kore ne.

Ko shafi ɗaya na tsarin ban taɓa karantawa ba. Wallahi ban taɓa ba. Amma wata Laraba na buɗe baki na ce, "Duk wanda ya karɓi katin nan ya sayar da mutuncinsa da na gidansu. Ni Reza, ran da kuka ga jinina ɗaya riƙe da shi, ku daina saurarena." Maganar ta yi armashi. Aka yi ta yawo da ita a waya, Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban mutane, ni da Iro muka yi ta dariya a kan hanyar gida.

Yaya Indo ita ta raine ni. Ina shekara uku mahaifiyarmu ta rasu, ita ta goye ni, ita ta kai ni makaranta, da ta yi aure ma da ni ta tare. Tun da mijinta ya rasu take tuyar waina a ƙofar gidanta a Ƙofar Durbi. Tana da wata ƙaramar rediyo da ta ɗinka wa riga da ƙyallen atamfa don kada mai ya ɓata ta, kullum tana gefen tanda. In aka maimaita shirinmu da safe, ko layin masu saye ya kai bakin titi sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Ku yi shiru, ɗan'uwana shina magana."

A satin farko ciwon ƙafarta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ɗiyarta Bilki, wadda ke aure a Gobarau, ita ta fara ganin tabon a babban yatsan ƙafar hagu. Ashe garwashi ne ya faɗo mata tana tuya, ba ta sani ba sai da ta ji ƙauri. Abin da ya kamata ya ɗaga mana hankali shi ya kwantar mana da shi: ba ta jin zafi ko kaɗan. Muka ce to, ƙunar ba ta shiga ba. Aka shafa man shanu, Bilki ta sayo maganin shafawa a kemis, Yaya ta ci gaba da tuyarta.

A sati na biyu yatsan ya kumbura, ya fara ruwa. Nan fa likitocin dangi suka buɗe asibiti. Gwaggonmu ta rantse taka Yaya ta yi, wai masu baƙin cikin cinikinta ne suka binne mata abu a bakin murhu. Wata maƙwabciya ta ce a fasa kafso a barbaɗa, wani ya ce zuma, aka kira wanzami ya yi tsaga ya fitar da abin da ya kira mataccen jini. Duk an yi. Ni nakan biyo da hantsi, in tsaya bakin ƙofa ko takalmi ban cire ba, in ce, "Yaya, ya jiki?" Ta ce da sauƙi. In ajiye ɗan abin da ya samu in wuce gidan Alhaji, don a lokacin rikicin kati ya kai intaha, kullum da sabon wanda zan yanka.

A sati na uku na lura ɗakinta kullum cikin hayaƙin turaren wuta yake, kamar na amarya. Har tsokanarta na yi, na ce ko wani Alhaji ne ya fito. Ban san wari take ɓoyewa ba. Ta rame, buta ba ta rabuwa da hannunta, ga shan ruwa kamar raƙumi. Ƙafar tana naɗe da tsumma har idon sawu.

Na ce, "Yaya, anya ba mu tafi asibiti ba?"

Ta ce, "Asibitin mi? Ɗan ƙuna ne hwa. Kai dai tahi wurin aikinka, kar ka makara."

Bilki ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta watsa mata wani kallo, ta haɗiye. Na gani da idona. Na ɗauka maganarsu ce ta mata, na ta da babur na tafi.

A sati na huɗu ta faɗi a gaban tanda da sanyin safiya, jikinta zafi rau, ba ta san wanda ke kanta ba. Muka sa ta a Keke Napep sai babban asibiti. Wurin yankar kati taga biyu ce, ɗaya ta masu inshora, ɗaya ta masu biya da aljihu. Na ja hula na bi layin masu biya, amma mai sana'ar murya ba ya ɓuya. Sannu kawai na ce wa na gabana, wani dattijo daga ɗaya layin ya waiwayo ya ce, "Wagga murya na san ta. Halan kai ne Reza?" Kafin ka ce kwabo layi biyu sun zama jam'iyya biyu, marasa lafiya na zaune a benci ana musu a kansu. Wani matashi ya ɗaga hannuna sama ya ce, "Ku gan shi nan, layin masu biya ya bi! Namiji ke nan, abin da ya hwaɗi shi yake yi!" Allah ya yafe mini, yayata na kwance ba ta san inda take ba, amma sai da na ji daɗin maganar nan.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Da ta warware tsumman sai da na dafa bango. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, tafin ƙafar ya rarake, abin da turare ke rufewa ya cika ɗakin. Ni da nake shiga gidan nan kullum, ban taɓa cewa a buɗe in gani ba. Aka ɗiga jininta a na'urar awon suga, na'urar ta ƙi nuna lamba, wai abin ya wuce inda take iya ƙirgawa.

Likita ta dube ni ta ce, "Malam, ƙafar mai suga ba ta kuka, sai dai a riƙa duba ta. Da satin farko kuka zo, wanki ne kawai da magani." Sannan ta ce, "Tana da inshora?"

Lokacin Yaya ta ɗan farfaɗo da ƙarin ruwan da aka sa mata. Tun kafin ta motsa baki na ce, "Mu ba mu yi wannan ba." Har da ɗaga kai na faɗa. Yaya ta lumshe ido ta juya fuska bango.

Aka ba mu gado. Kwana goma na farko sun cinye babur ɗina, tsakanin gwaje-gwaje da allurai da magani. Har safar hannu da auduga kai za ka sayo, in ka tsaya tambaya a ce ka matsa akwai mutane. Banɗakin masu jinya kuwa, gara kada in ɓata takardata. Amma a ɗakin nan akwai wata nas, babbar mace, wadda take wanke ciwon nan safe da yamma ko yatsina fuska ba ta yi, tana yi tana jan Yaya da hirar waina. Allah ya saka mata da Aljanna. Da aka nemi jini nawa bai yi daidai ba, ina tsaye ina zare ido sai ga Iro Guduma ya naɗe hannun riga. Leda guda aka ɗiba a jikinsa, ya tashi yana cewa yanzu jinin gwamnati ya shiga gidan 'yan adawa.

Aka cire yatsu biyun, muka ce shi ke nan an tsira. Ba a tsira ba. Kowace safiya likita takan zo da biro ta ja layi a fatar ƙafar, daidai inda baƙin ya tsaya. Washegari sai a ga ya haye layin. Na koma ba abin da nake kallo a duniya sai layin biron nan, daga tafin ƙafa ya hau idon sawu, daga nan ya kama hanyar ƙwauri.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, cikin sati na biyar da ƙunar, batirin rediyonta ya mutu. Tana barci, na ce bari in canja mata kafin ta tashi, don ko a gadon asibiti ba ta yarda shirinmu ya wuce ta. Na zare rigar atamfar nan, sai wani abu a ƙulle cikin leda ya faɗo kan cinyata. Na buɗe. Katin inshora ne. Ga sunanta, ga hotonta sanye da koren mayafin da na saya mata da sallah.

Na duba katin, na duba ƙafar, na sake duba katin. Na fita baranda na sami Bilki tana wanke kwanuka, na miƙa mata katin. Ta saki kwano ta fashe da kuka.

Ta ce, "Kawu, da kuɗin adashinta ta yi, lokacin da aka zo rajista makarantar unguwa. Kwana tara da karɓowa ka yi maganar nan a rediyo. Tun ranar ta ɓoye shi. Ta sa na dafa Alƙur'ani ba ni gaya maka, ba ni gaya ma kowa. Sau uku ina roƙonta mu tahi asibitin unguwa, ta ce ma'aikatan wurin duk sun san ɗan'uwan wa gare ta."

Na koma ciki. Yaya ta farka, ta ga rediyo tsirara a hannuna, ta ga katin. Ba ta firgita ba. Cewa ta yi, "Wa ya aike ka taɓa mani kaya?"

Na ce, "Yaya, don Allah don Annabi, me ya sa?"

Ta ce, "Kai ka ce ran da aka ga jininka da shi a daina saurarenka. Duk Katsina ta ji. In na miƙa shi a taga, kahin in kai gida labari ya riga ni. Da wane ido za ka koma rediyo? Da mi za ka ciyar da 'ya'yanka?"

Na ce, "Yaya, ai magana ce kawai! Aiki ne! Ni da Iro tare muke shan fura!"

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Can ta ce, "Ni ban san magana ce kawai ba. Na ɗauka in ka rantse ka rantse." Ta gyara filo da kyar, ta ƙara da cewa, "To ko ma mine ne, ni ƙahwa biyu gare ni, kai baki ɗaya gare ka."

Na sha jin zagi a rayuwata, na sha mayarwa. Wannan maganar ba zagi ba ce, kuma har yau ba ta bar kunnena ba.

Washegari na bi layin masu inshora da katin a hannu, ban ja hula ba. Aka ce ai ba haka ake yi ba, sai ta fara zuwa ƙaramin asibitin da aka rubuta mata, su ba da takardar turawa, a nemo wata lamba daga ofis. Iro ya ɗauki abin a kansa, kwana biyu yana zirga-zirga. Da na je ƙaramin asibitin karɓar takarda na ga inda yake, sai da na zauna a kan dakali. Lungu uku ne tsakaninsa da tandar Yaya. Ma'aikacin wurin ya ce awon suga da wankin ciwo duk suna cikin abin da katinta ya ɗauka tun ranar da ta karɓa.

Kada wani ya ɗauka na koma ɗan kore. Katin ya ɗauke mana kuɗin gado da gwaje-gwaje da kaso mai tsoka na tiyata, na gode. Amma allurar da ta fi kowace tsada, kullum sai a ce babu a nan, je ka waje. Abin da muka riga muka kashe kuwa ya tafi ke nan. Na ce wa Iro, "Ina lafiya kyautar da kake faɗa?" Ya ce, "Ina hoton yatsun da ka ce za a yi maguɗi da shi?" Muka yi tsaye a bakin kantin magani, ƙarti biyu masu furfura, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

A sati na shida layin biro ya kai tsakiyar ƙwauri. Likita ta ce in ba a cire ba, ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Ni na sa hannu a takarda. An shiga da ita da safe, aka fito da ita kafin azahar, zanen da aka rufa mata ya kwanta shafe daga gwiwar hagu zuwa ƙasa. Bilki ta sulale ta zauna a ƙasa. Ni kuwa takalman Yaya ne a hannuna, silifas wari biyu, na rasa yadda zan yi da su.

Kwana uku da tiyata Alhaji ya kira ni a waya. Ya yi jaje, ya yi addu'a, na ji daɗi. Sai ya ce, "Reza, ashe tana da katin nan? Ai Allah ne ya kawo muna. Gobe ka shiga ka hwaɗa ma duniya, ga mai kati an yanke mata ƙahwa, kuma yayarka ce uwa ɗaya uba ɗaya. Wa zai musa maka?" Na cire wayar daga kunne na dube ta. Da yamma na ba Iro labari, sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi ma nasa uban gidan ya ce ya shiga ya ce bakin Reza ya ci ƙafar yayarsa. Kowa na son ƙafar nan, yanzu da ba ta jikin mai ita. Iro bai faɗa ba, duk da nasa ne gaskiya. Ni ma ban shiga ba, kuma tun daga ranar ban sake taka gidan rediyo ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In babba a gidanku ya ji ciwo a ƙafa ya ce ba ya jin zafi, kada ku gode wa Allah ku zauna, ku gode masa ku ruga asibiti. Ku ce a warware tsumma ku gani da idonku. Maganar kati kuma, ku je ku tambayi masu aikin abin da ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, kada ku tambayi irinmu. Mu in mun gama, fura muke sha.

Yanzu Yaya tana gida. Ciwon ya warke, tana koyon sanda, an sa mata kujera a gaban tanda ta koma tuya a zaune. Ni ina taya wani abokina tsaron shagon kayan masarufi, kullum bayan magariba nakan biya in duba mata ɗaya ƙafar, yatsa bayan yatsa, kamar yadda likita ta koya mini. Rediyon tana nan da rigarta. Lokacin shirinmu na yi sai ta kunna, wani sabon sojan da Alhaji ya ɗauka ya yi ta zuba, ita kuma ta yi ta tsaki wai bai iya ba.

Shekaranjiya ina durƙushe riƙe da ƙafarta sai ta rage murya ta ce, "Sada, wai yaushe za ka koma?"

Na ce, "Yaya, na bari."

Ta ce, "Ka bari? Na ba da ƙahwata don bakinka ya tsira, kai kuma ka rufe shi? To ta tahi a banza ke nan?"

Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jefo mini magana na rasa amsa ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da duba yatsun nan biyar, na kai ƙarshe na sake farowa.